Ranar Da Na Kawo Ƙarshen Fari A Zauren Surukaina

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da aka kai ni gaida iyayen matar da nake aure yanzu, a wani ƙauye kusa da Kanya Babba. Kafin in ba ku labarin, sai kun san yadda kalmar "fari" ta shiga bakina.

Muna da ƙungiyar ƙwallo a unguwarmu a Kazaure. Ba na bugawa, ihu ne aikina. Akwai lokacin da muka yi ta wasanni ba mu zura ko ɗaya ba, sai wani abokina mai son juya magana ya ce ai fari ne ya same mu. Kalmar ta burge ni. Dama ina mamakinta: ita ce launi, ita ce ɗan fari, ita ce abin da 'yan mata ke yi da ido, ga shi kuma ta shigo fili. Na riƙa yawo da ita, in shago ba ciniki fari, in aljihu ya bushe fari.

To a shekarar, fari na gaske ake yi. An yi shuka, ruwa ya ɗauke, gero ya fara naɗe ganye. (Ni da ko akuya ba ni da ita, abin da na sani kawai shi ne ana zafi.)

Muka zauna a zaure, ni da kawuna da ya rako ni, ga baban yarinyar da 'yan'uwansa dattawa. Na sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Hirar ruwa suke yi, wai jiya ma sun fita roƙo. Ana cikin haka wayata ta motsa a aljihu. Na san muna da wasa ranar, sai na saci kallo. Saƙon abokina ne: mun ci.

Na ɗauka a zuci na faɗa, ashe a fili ne. "Alhamdulillahi, fari ya ƙare."

Baban yarinyar ya gyara zama ya ce, "A ina, ɗana?"

Na ce a Kazaure. (A nan ya kamata ƙasa ta tsage in shige.) Dattawa suka shiga hamdala. Ɗaya ya miƙe da ƙyar ya fita duban sama, ya dawo yana mamakin yadda hadari ya tsallake su, tunda daga gabas yake tasowa. Labari har ya kai cikin gida, na jiyo ƙarar bokitai ana jerawa a ƙarƙashin indararo. Kawuna kuwa ya san halina, kallona kawai yake yi.

Baba ya tambaya ko an yi da yawa. Na ce, "Ɗaya ce dai, Baba. Amma a minti na ƙarshe."

Sai da na yi bayani tun daga tushe. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Baba bai yi fushi ba, so yake ya gane. Ya ce shi dai ya san in nasu farin ya daɗe rumbu ne ke zama fanko, a fara sayar da tumaki. "To naku fa, in ya daɗe, me ke bushewa?"

Na ce, "Maƙogwaro, Baba."

Tsohon da ya fita duban sama ne ya fara dariya, sannan sauran. Kawuna ya yi musu sallama, muka hau babur.

Ruwa ya sauko daga baya, gero ya ɗan farfaɗo, kuma sun ba ni 'yarsu bayan kaka, ban san dalili ba har yau. Abin da na koya shi ne, in za ka ari kalma ka yi wasa da ita, to ka tabbata ba a zauren masu ita kake zaune ba. Wayata kuwa, in za ni gaida su, tun daga tashar Kazaure nake kashe ta.