Ranar da Malam Tanimu Ya Zo da Mahaifiyarsa

Duk wanda ya yi firamare a ƙauyenmu ya san Malam Tanimu, in ma shi ya manta, to ubansa bai manta ba. Malam Tanimu ba ya duka, ba ya zagi, ba ya sa kamun kunne. Hukuncinsa ɗaya ne tak: "Je ka ka zo da ubanka." Yaro ya makara, je ka ka zo da ubanka. Yaro ya tauna fensir, je ka ka zo da ubanka. Har ta kai magidanci in yana noma ya hango ɗansa tafe da hantsi cikin kayan makaranta, sai kawai ya jingine fartanya ya nemi ruwan wanke ƙafa, ba sai an faɗa masa ba.

Ana nan sai hukumar ilimi ta fito da doka, wai duk malamin da ke riƙe da tsohuwar takardar nan ta zamanin da, ko dai ya koma ya ƙaro karatu, ko a ɗauke shi daga aji a ba wani. Kai, ranar Malam Tanimu ya yi faɗa a gindin bishiyar makaranta har hularsa ta karkace.

"Me za a koya mini?" in ji shi. "Allon ne ya canja ko allin? Na koyar da uba, na koyar da ɗa, yanzu kuma ni za a zaunar a kan benci?"

Ya dai gama faɗansa ya je ya yi rajista, don maganar gaskiya Malam Tanimu yana son ajin nan nasa kamar ransa. In aka raba shi da aji, wa zai ƙara ce masa Malam a kasuwa? Haka ya shiga karatun hutu a wata kwalejin horar da malamai a birni, gemu fari fat, da jakar littattafai a bayan babur.

To, wanda ya tsara karatun hutun nan dai wallahi ba manomi ba ne. Dogon hutu tsakiyar damina yake faɗowa, ga ciyawa tana neman cinye masarar Malam. Sai ya yi wa kansa rabo na adalci: farkon mako aji, sauran mako gona. Ranar da ya je ajin ma can baya yake zama, ya harɗe hannu, yana kallon malamin da ido ɗaya.

Malamin kuwa wani matashi ne, Dakta Nazifi, mai koyar da dabarun koyarwa, wanda bai girmi ɗan Malam Tanimu na biyu ba. Da jarrabawa ta matso, sai ya shigo ya duƙar da kai yana kiran sunayen waɗanda fashinsu ya yi yawa, ya ce babu ɗayansu da zai shiga ɗakin jarrabawa. Sunan Malam Tanimu ne na farko. Wanda bai yi jarrabawar ba kuwa babu takarda, in babu takarda babu aji.

Malam ya yi gyaran murya daga baya ya ce, "Malam, a dai duba, a yi haƙuri."

Shi kuma Dakta ya saba da yaran da yake koyarwa lokacin da ba na hutu ba, ga gajiya, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Babu wani haƙuri. Mai maganar nan ya je ya zo da mahaifinsa ko mahaifiyarsa."

Sai da ya faɗa sannan ya ɗago, ya yi ido huɗu da furfura. Ina! Aji ya riga ya ɗauka da dariya. Abin haushin ma, a cikin ajin akwai malamai uku da Malam Tanimu ya koyar a firamare, duk ya sha aika su kiran ubanninsu. Ɗaya ya kifa kai a kan tebur kafaɗunsa suna rawa, ɗaya ya fita waje riƙe da ciki, na ukun kuwa ɗaga hannu sama ya yi ya ce, "Allahu akbar!"

Ran Malam ya ɓaci ƙwarai, har ya hau babur bai yi wa kowa sallama ba. Amma kafin ya kai mararrabar ƙauye sai ya fara murmushi shi kaɗai. Ai yaron nan da bakinsa ya ce a zo da mahaifi ko mahaifiya. Mahaifi dai Allah ya yi masa rasuwa tun tuni, amma Inna Tabawa tana nan da ranta, ta haura tamanin, ta ranƙwafa, sai da sanda. A kai ta ofishin nan a ga ƙaryar rashin kunya. Yaron zai narke don nauyi, ya sa hannu ba shiri.

Yana isa gida ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ya tarar tana ɓarar gyaɗa.

"Inna, gobe za ki raka ni birni, makarantarmu. Ba sai kin yi wata magana ba. Ki dai riƙa ɗan tari. In an tambaye ki, ki ce jinyarki na tsaya yi, shi ya sa na yi fashi."

Inna Tabawa ta dube shi, ta dubi gyaɗarta, ta ce, "To."

Da Malam ya natsu, da wannan "to" ɗin ta ba shi tsoro. Shi ne fa ɗanta na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan", balle a ce ta taɓa goya masa baya a gaban mutane. Amma murna ta rufe masa ido, har ƙosai ya saya mata a hanya.

Washegari suka shiga ofishin Dakta Nazifi, Malam a gaba yana tafiya a hankali kamar mai rakiyar mara lafiya, Inna a baya tana dogara sanda. Malam ya yi sallama da ƙarfi don na ofisoshin kusa su ji.

"Malam, ka ce in zo da mahaifiyata. Ga ta."

Wayyo, Dakta Nazifi! Biro ya suɓuce daga hannunsa. Ya zagayo da sauri ya zube ƙasa yana gaisuwa, ya jawo kujerarsa ta kansa ya ba Inna, ya buɗe ruwan roba ya miƙa mata da hannu biyu. Gumi kuwa har ya jiƙa masa wuyan riga.

"Inna, don girman Allah ki yafe mini. Wallahi suɓutar baki ce, ban san Baba ne ya yi magana ba. Ai Baba uba ne a wurina. Da na san za a taso ki, da ni zan zo har gida."

Malam Tanimu ya gyara tsayuwa, ya shafa gemu, ya ce cikin sanyin murya, "Ba komai, ba komai. Dama jinyarta ce ta riƙe ni. Ka ga dai yadda jikin yake." Ya ɗan taɓa ƙafar kujerar da yatsan ƙafa, alamar lokacin tari ya yi.

Inna ta sha ruwanta ta ajiye robar. Ko alamar tari babu.

Dakta ya ce, "Allah sarki! Sannu Inna, ya jikin?"

"Jikin wa?" in ji Inna. "Ni lafiyata ƙalau, ɗan nan. Rabona da ciwon kai tun azumin bara. Jiya ma ni na surfa geron gidan, don matansa ba su iya ba."

Malam ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi ne ma ya kama tarin.

Inna ta juya wajen Dakta. "Kai dai faɗa mini gaskiya, me yaron nan ya yi?"

Dakta ya dubi "yaron nan" mai farin gemu, ya haɗiye dariya da ƙyar. "A'a Inna, ba wani abu ba ne. Fashi ne ya ɗan yi yawa."

"Ina yake zuwa?"

Malam ya yi ƙasa da murya ya ce, "Gona, Inna."

"Abin da ake koyarwa ranar da yana gona, ya iya shi?"

Dakta ya sosa ƙeya. "To... gaskiya akwai sababbin hanyoyin koya wa yara karatu da aka yi ba ya nan. Amma ba komai, Inna. Albarkacin zuwanki na yafe. Zai shiga jarrabawa, kuma in sha Allahu zan duba masa, ba zai faɗi ba."

Malam Tanimu ya saki ajiyar zuciya. Duk da an sha kunya, ai buƙata ta biya. Har ya kai hannu zai ɗago Inna su tafi kafin ta ƙara buɗe baki, sai ta buga sandarta a ƙasa, ta dubi Dakta.

"Kada ka soma! Ni ban taso tun asuba na sha girgizar babur don a duba masa ba. Duk abin da ya tsallake ka zaunar da shi a nan gaba, kusa da kai, ya koya. Ka yi masa jarrabawar kamar kowa. In ya iya, ya wuce. In bai iya ba, ka kayar da shi, babu ruwana."

Malam ya zube a gabanta, ya manta da gemu, ya manta da mutanen da suka cika bakin ƙofa suna leƙe.

"Haba Inna! In aka kayar da ni fa raba ni za a yi da ajina! Ni ne fa ɗanki!"

Inna Tabawa ta gyara mayafinta ta ce, "Na sani. Amma kai ɗaya ne, su kuwa jikokina bakwai ne a ajin nan naka."