Shari'ar "Ruwa Na Gaba"

A wani daji da rani ke daɗewa, akwai wata tsohuwar waƙa da ake kira "Ruwa Na Gaba". Idan tafkuna suka ƙafe, dabbobi suka kama hanyar babban gulbi, ita ake rerawa don kada ƙanana su karaya. Ɗaya ke bayarwa, ayari duka su amsa: ruwa na gaba, ɗan ƙara taku, wanda ya gaji ya jingina da na kusa. Ba wanda ya taɓa tambayar daga ina ta fito.

Hasbiya dai tana ganin ta sani. A bakin mahaifiyarta ta tashi ta ji waƙar, wata tsohuwa da ake kira Ta-Kuka saboda a kogon kuka ta yi zamanta har ta rasu. Ita ce ke bayarwa a kowace tafiya, har muryarta ta dushe.

Ana nan sai Aku ya dawo daga birni, inda ya yi shekaru a keji a gidan wani attajiri. Ya ɗauki waƙar ya gyara mata zama, ya ƙara baiti guda a kan uwar da ta isa gulbi ta waiwaya ba ta ga autanta ba. Ranar kasuwa ya rera ta a gindin tsamiya, har Ɓauna sai da ta share ido. Suda, wadda ke masa sanƙiranci, ta shiga zagaya daji tana kiransa Aku mai "Ruwa Na Gaba".

Abin ya tsaya wa Hasbiya a rai. Ta same shi a keɓe, ta ce ba ta neman ko ƙwayar gero daga abin da ake ba shi, ya dai riƙa ambaton Ta-Kuka kafin ya fara. Aku ya karɓe ta da girmamawa, ya ce, "Yaya Hasbiya, Allah ya ji ƙan Inna. Amma ni a ƙasa na tsinci waƙar nan, ƙura ta rufe ta. Wanda ya wanke ƙwarya ai ba a hana shi sha da ita."

Sai ta kai ƙara majalisa, gaban alƙali Burtu. Ta ɗauka magana ce tsakanin su biyu. Da ta isa ta tarar da fili cike da masu da'awa.

Kwaɗo ne ya fara miƙewa. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, waƙa dai ta ruwa ce, kuma ban san wanda ya riga mu ruwa ba. Amshin nan kakannina ke yin sa a bakin tafki tun ba a haifi kukar da ake faɗa ba. Mun yi shiru ne don ba mu san ana rabo ba."

Gyare ya ce kiɗan nasa ne. Raƙumin dawa ya ce shi ake nufi da wanda ake jingina da shi. Daga ƙarshe aka ba Shamuwa dama, mai yawon ƙasashe.

Ta ce, "Ni ba na da'awar komai. Amma na ji karin nan a wata ƙasa bayan hamada, can kuwa waƙar biki ce, ba ruwa a cikinta. Na sake jin sa a kudu ana makoki da shi. Kowa na tambaya sai ya ce ta kakarsa ce. Kunne dai ya girmi kaka."

Maganar ta taɓa Hasbiya. Ta tuna mahaifiyarta ba ta taɓa cewa ita ta ƙirƙiro ba, takan ce dai "waƙarmu". Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Burtu ya gyara murya ya ce kayan da ake jayayya a kansa ba a amfani da shi, saboda haka an hana rera waƙar har sai an gano mai ita. Duk mai da'awar da ya rera, da'awarsa ta faɗi. Ya naɗa kwamitin bincike, ya ba Hawainiya shugabanci.

Rani ya zo kwamiti bai gama gaisawa ba. Aka kama hanyar gulbi shiru, ba ka jin komai sai kofato da haki. Hasbiya na sama tana bin ayari, sai ta hango wani ɗan barewa ya durƙusa, uwarsa na zungurarsa da hanci. A da, a irin wannan wuri ake ɗaga murya, sai ka ga yaro ya miƙe don kunyar amshi. Waƙar ta taso mata har maƙogwaro. Ta dubi Dila, dogarin majalisa, ta tuna sunan Ta-Kuka da ke gaban alƙali, ta haɗiye. Ayari ya wuce. A bakin gulbi ta ga Barewa tsaye ba ta sha ba, tana kallon hanya, kuma abin da ya zo wa Hasbiya a zuci shi ne baitin nan na Aku, wanda mahaifiyarta ba ta taɓa sani ba.

Da aka dawo ta je ta durƙusa gaban Burtu ta ce ta janye ƙara, a bar wa Aku, a bar wa Kwaɗo, a bar wa duk mai so. Burtu ya tausaya mata, amma ya ce magana ta wuce hannunta, akwai sauran masu haƙƙi, kuma ba a katse wa kwamiti hanzari.

Haka damuna ta bi damuna. Aku ya koma birni, inda ba a tambaya. Kwaɗon da ya yi da'awa ya mutu, jikokinsa suka gaji da'awar. Ƙanana suka girma, suka saba da tafiyar shiru da rayukan da take ci.

Hasbiya ta tsufa kafin Hawainiya ta kawo rahoto. Kwamiti ya ga cewa cikin duk waɗanda aka ce waƙar tasu ce, Ta-Kuka ce kaɗai ba ta nemi komai ba, kuma ba za ta nema ba, don haka aka ba ta waƙar ba tare da gardama ba. Aka yi taro a gindin tsamiya, aka yi jawabai, aka roƙi 'yar marigayiya ta buɗe da bakinta.

Ta hau reshe, ta bayar da baitin farko da 'yar muryar da ta rage mata, ta dakata a inda ake amsawa. Taro ya zuba mata ido cikin ladabi. Da shirun ya yi tsawo, sai suka ɗauka ta gama, suka yi mata tafi.

Har gobe, in ka tambayi kowane ɗan tsako a dajin nan wa ke da "Ruwa Na Gaba", zai faɗa maka ba gargada. Kwamiti ya yi aikinsa.