Rumbun Cikin Salula

"Ina gajiya, tsohuwa? Barmu ta gaji da ke ta koro ki?"

Alƙasum ne ya faɗa, bai ko ɗaga kai daga wayar salula ba. Kakarsa Raƙiya ce ta iso Tawa daga garinsu Barmu ganin jikoki, ta tarar da shi ya haɗa rai. Yana da dalili. Malaminsu ya ba su wani wasa a salula: ka riƙe ƙauye da rumbu ɗaya har shekara ta zagayo, kada yunwa ta kashe kowa. Gobe za a gwada 'yan aji, wanda ƙauyensa ya kai girbi shi za a tura gasa Yamai. Sau biyar ke nan gogan yana hallaka jama'arsa.

"Barmu ba ta korar kyakkyawa," in ji Raƙiya. "Wanga miji nawa, ko tabarma babu? Mi kake latsawa?"

"Mutum ɗari biyu nike ciyarwa."

"Kai? Mai sakko ga tukunyar uwatai? Allah shi jiƙansu."

"Ilimi ne, ba na marasa haƙora ba."

"Haƙoran da sunka hita sun tauna abin da ba ka taɓa gani ba. Nuna min gawawwakin."

Ya nuna mata yana ƙunƙuni. Ana gama girbi ya buɗe rumbu, ya raba hatsi, kowa ya ƙoshi. Ruwa na sauka, rumbu wayam, mutane suka fara zubewa a bakin gona.

Raƙiya ta tafa hannu. "Da rani kab buɗe rumbu? Ashe mahaukaci nika aure. Rumbun gandu liƙe shi akai da laka. Maza su tai bida cin rani, mata su yi ta da ganyen tafasa da ɗiyan anza na daji. Sai an ɗauki hauya a buɗe, don mai noma shi samu ƙarhi. Iri kuwa ko uwarka tar roƙa kak ka ba ta."

"Su yi kuka hwa?"

"Su yi. Mai kuka da rai shikai."

Ya gwada, don dai ya ƙaryata ta. Mutanensa suka rame kamar karan dawa, ransa duk ya ɓaci. Ruwa ya sauka, ya buɗe rumbu, aka yi noma, aka yi girbi. Ko mutum ɗaya bai faɗi ba.

"Sa'a ce," ya ce, murna na neman fasa masa baki. "Ke da ko sunanki ba ki iya rubutawa, ina kinka koyi wasan?"

"Mun yi shi Barmu ina ɗiya kamarka. Sai dai namu ba shi da wurin latsawa a sake. Mu bakwai munka hwara, ukku munka ga girbi."

Alƙasum ya tashi ya shimfiɗa mata tabarma, ya ɗauko furarsa ya ajiye a gabanta.

"Na sallama, amarya. Sha."

Ta leƙa kwanon ta yi dariya. "Duka? Wanga yaro bai koyi komi ba. Rage na gobe."