Na'urar da Ke Jiran Almakashi

Jiya na kai Yaya Shagufta bikin buɗe na'urar hoton ciki, na dawo da kwalin alewa da ciwon kai.

Bari in faro daga farko. Yaya ce ta raine ni, kuma jini ya dawo mata shekara tara bayan ta daina al'ada. Aka kankaro 'yar tsoka daga mahaifarta, aka jefa a kwalba, aka miƙo mini, don a nan garinmu Multan ɗan'uwan mara lafiya shi ne masinja. Na rataya ta a babur har ɗakin gwaji. Sakamako ya ce ciwon daji ne, irin wanda likitarmu sau biyu kacal ta taɓa gani. Ta ce sai ta ga hoto ta san zurfin da ya ci a bangon mahaifa kafin ta sa wuƙa, kuma irinsa ba ya jira.

Na'ura kuwa akwai ta, sabuwa fil, wata takwas tana sanye da furanni kamar amarya. Mai Girma Sarkin Almakashi, kamar yadda muke kiran babban mutumin gwamnati mai buɗe ayyuka, shi ne bai samu sukunin yanka zare ba. Maƙwabcina Maqsud tela ya ce in yi masa uzuri, bawan Allah a makon nan kaɗai ya buɗe famfo uku.

Jiya dai ya iso, Allah ya ƙara masa lafiya. Aka nemi mara lafiya mai kyan gani, aka zaɓi Yaya. Aka kwantar da ita, ya dafa kanta, aka yi tafi. Ina tsaye ina kallon wayar wutar na'urar har yanzu a naɗe cikin ledarta. Da na yi magana, wani mai kwat ya raɗa mini cewa ba a ɗauki mai sarrafa ta ba tukuna, amma an kafa kwamiti.

A hanyar gida Yaya ta matso bayana ta ce, "Ƙanena, ko zafi ban ji ba. Me suka gani?"

Na ce mata sai an wanke hoton. Wallahi kunya ta kusa kashe ni, ga tsoro.

Yau jarida ta ce an duba mara lafiya ta farko cikin nasara. Yaya ta yanke shafin tana nuna wa maƙwabta, har ta sa an dafa shinkafar sadaka. Na ci faranti biyu, don ban san da wane baki zan ƙi ba.