Yadda Za Ka Buga Hatimi a Kan Matar da Ba Ka Taɓa Gani Ba

Kai da ka gaji da yawo da baƙar kwat a kotunan Jos, yanzu an ba ka takardar zama notari, jawo kujera. Notari, ga wanda bai sani ba, lauya ne da hukuma ta ba wa hatimi na musamman. In ya buga shi a takarda, to ya shaida cewa ya ga mai takardar da idonsa, ya tabbatar shi ne, kuma da son ransa ya sa hannu. Aikin ke nan gaba ɗaya. Ni mahauci ne a Abbatuwa, amma na koyi sana'ar nan kyauta a kan gidan ƙanwata Madina, a hannun gwani, Barista Badruddeen. Ka bi abin da zan faɗa maka. Na yi maka alkawari za ka ajiye tumbi, ka canja mota, ka tsufa ba ka taɓa sanin kamannin talaka ba.

Mataki na 1: Ka hau bene

Kada ka kuskura ka kama ofis a ƙasa. Nemi can sama, inda matattakala ke da duhu ko NEPA ta kawo wuta. Tsoho ba zai iya hawa ba, mai ciwon ƙafa ba zai iya ba, mai jego ba za ta iya ba. Sai su aiko wani. Abin da ake so ke nan.

Ka ajiye sakatariya mai ɗaure fuska, ka jera hansit biyu a tebur ko da ɗaya ba kati. Sannan ka sayi jar takardar nan mai baki kamar zarto da ake mannawa a matsa hatimi a kai. Mutanenmu da sun ga jan abu a takarda jikinsu ke mutuwa.

Mataki na 2: Ka koyi kallon tebur

Doka ta ce ka nemi katin shaida, ka kalli hoto, ka kalli mutum. Wa ke da wannan lokacin? Ɗaga kai na kawo ciwon wuya. Ka kalli takarda, ka kalli hannun da ya miƙo ta, shi ke nan.

Mataki na 3: In an ce mace tana takaba, ka zama malami

Nan ne gwaninta take, ka buɗe kunne.

Hamman, mijin Madina, direba ne a wata ma'aikata. Ya rasu da daminar bara. Gidan da suke ciki a unguwar Gangare na mahaifinmu ne, mu muka bar mata ta zauna da 'ya'yanta, da sunanta a takarda. Takardun suna cikin akwatin marigayi Hamman. Ana cikin zaman makoki ƙaninsa Lukuman ya ɗauke akwatin, wai zai bi wa marayu haƙƙin ubansu a ma'aikata. Muka sa masa albarka.

Sai ga shi a benen Barista da takardar wakilci, mai cewa Madina ta ba shi ikon sayar da gida. Da bakinsa Lukuman ya ba da labarin daga baya, da wuta ta yi wuta.

Barista ya ce, "Ina mai gidan?"

"Tana takaba, Oga. Ba ta fita."

"Allahu akbar! Allah ya jiƙan rai. Haba, mu fito da mai takaba saboda takarda? Ungo tawada, kai mata ta dangwala ka dawo."

Ka ji tsoron Allah ko? Ka haddace wannan. Daga ofishinsa zuwa Gangare ɗan acaɓa ko giya ba zai gama canjawa ba. Yana iya zuwa ya tsaya a zaure, ta amsa masa daga bayan labule, ya ce, "Baiwar Allah, da saninki za a sayar da gidanki?" Amma kai kada ka yi haka. Lungun Gangare akwai kwata, kuma takalminka sabo ne.

Mataki na 4: Ka rantse an karanta

A ƙasan irin wannan takarda akwai layin da ke cewa an karanta wa mai dangwalawa da Hausa, ta ji, ta gane, a gabanka. Kada layin nan ya dame ka. Injin ne ya buga shi, kai hannu kawai za ka sa.

Karatun da aka yi wa Madina ga shi. Lukuman ya tsuguna a bakin ƙofarta ya ce, "Anti, ta fansho ce. Sa yatsa nan, da nan."

Ta dangwala, ta goge yatsa a bakin zane, ta ce, "Allah ya saka maka, Lukuman. Kai kaɗai ke wahala da mu."

Ai ka ga an yi Hausa a wurin. Me kuma doka ke nema?

Mataki na 5: Ka tafi Abuja kana zaune

Wata rana da hantsi wani mai sayar da tayal ya zo gidan da magina, suka fara kwance kwanon shagon da ke gaba. Zai rushe ya yi jerin shaguna. Madina ta aro wayar maƙwabta ta kira ni tana kuka, "Yaya, wai an sayar da mu!"

Na kori maginan, na shaƙe Lukuman ya faɗi sunan lauya, na hau benen nan ko rigar aiki ban cire ba.

Sakatariya ta toshe hanci ta ce, "Oga ya tafi Abuja."

Na ce, "To wa ke tari a ciki?"

Ka koya wa taka sakatariyar ta riƙa ƙara sautin rediyo. In dai ta ɓaci an ritsa ka, ka yi yadda gwani ya yi. Ya leƙo da rabin jiki ya ce, "Malam, ni takarda aka kawo mini, ba gida ba. In kana da magana, ga kotu can." Kalmar kotu tana korar mutum tara cikin goma. Ka yi addu'a kada na goman ya zama mahauci.

Mataki na 6: A kotu, ka nuna da ƙarfin hali

Muka ɗauki Barista Dantong, wani siriri da ba ya ɗaga murya. Lokacin Madina ta fita takaba, ta zo da matan unguwa 'yan rakiya, suka cika benci.

Barista Badruddeen ya rantse ya ce ta zo ofishinsa da ƙafarta, ya karanta mata da kansa, har ya ba ta ruwa.

Dantong ya ce, "Madalla. Tunda har ruwa ka ba ta, taimaka wa kotu ka nuna ta."

Idan wannan ya same ka, kada ka yi jinkiri, jinkiri na maƙaryata ne. Gwani ya gyara tabarau, ya miƙa hannu kamar mai ba da hanya, ya nuna Mariya mai awara, maƙwabciyarsu.

Mariya ta dafe ƙirji ta miƙe. "Ni? Oga, mijina yana nan da ransa, yanzu haka yana kasuwar Taminus yana lodi! Kada ka ja masa!"

Sai da mai shari'a ya buga tebur kafin dariya ta lafa. Gwani bai ko girgiza ba. Ya ce ai hijabi ne, duk kamarsu ɗaya. Ka rubuta wannan ma. Da farko takaba ce ta hana ka ganinta, yanzu hijabi ne. Addini ba ya ƙarewa, kullum akwai abin da za ka jingina da shi.

Mataki na 7: Ka nemi a ɗage

Ciwon baya. Rasuwar kawu. Taron lauyoyi. Fayil ya ɓata, an gani, ya sake ɓata. Kai kana kwana a gidanka, ita tana kwana a gidan da aka kwance wa rabin kwano, duk motar da ta tsaya a bakin lungu sai ta leƙa ta ga ko magina ne. Mai shari'a ya ce kada kowa ya taɓa ko bulo ɗaya sai an yanke hukunci, bai kuma faɗi ranar ba. Lissafin shi ne ta gaji kafin ka gaji. Yawanci haka ake yi.

Ba ruwana

Duk wanda ya bi matakan nan, ya bi don kansa. Ban san shi ba, bai zo gabana ba, ban karanta masa komai ba.

Musamman ban ɗauki alhakin wanda ya haɗu da irin Madina ba. Ita ba ta gaji ba. Tun ranar kotun nan, da ta sallami yara makaranta sai ta ɗauki tsinkenta na saƙa ta hau benen, ta zauna a bencin jira cikin masu kawo takardu. Ba zagi, ba hayaniya. An kira ɗan sanda, ya zo ya ga mace tana saƙa hular jarirai, ya ce wane laifi zai rubuta, ya sauka. Duk wanda ya zauna kusa da ita sai ta gaishe shi, ta tambaye shi, "Takardar taka ce ko ta wani?" Daga nan labari ya fara. Da yawa sukan naɗe takardarsu su ce za su dawo.

Jiya na raka ta. Barista ya buɗe ƙofa a hankali zai sulale masallaci, ta ajiye saƙa, ta miƙe ta tsaya masa a hanya.

Ta ce, "Ina wuni, Barista. Ni ce Madina, mai gidan Gangare. Dube ni da kyau, sati mai zuwa za a sake tambayarka."

Ya dube ta.