Ranar da Aka Kama Ƙiyayya Biyu a Ofishi Ɗaya

Jama'a, ku matso ku ji abin da ya sami Tamba ranar Talata.

Tamba masunci ne a Argungu. Ya je bakin gulbi ya iske an yayyanka masa taru da wuƙa, daidai lokacin da kifi ya fara samuwa. Ya san mai aikin, don mutumin ya sha faɗa a bainar jama'a cewa Sarkawa, wato masunta irin su Tamba, su tattara su bar ruwan, ba na ubansu ba ne. Tarun nan shi ke nan gare shi, da shi yake ciyar da bakuna tara. Ransa a ɓace ya naɗe ragowar, ya nufi wani ofishin 'yan sanda da ba zan faɗi sunansa ba, don ni ma ina da iyali.

Ashe shugaban ofishin, Yallaɓai Mai Tumbin Albarka, bai daɗe da dawowa daga bita ba. Kwana uku suka yi a otal a Birnin Kebbi suna fama da kaji, aka koya masu cewa ƙiyayya iri biyu ce. Akwai laifin ƙiyayya, mai jan fom. Akwai aukuwar ƙiyayya, wadda ba ta kai laifi ba, mai koren fom. Allah ya ƙara wa manyanmu basira.

Yallaɓai ya ce, "Da yana yankan, ya ce ya tsane ka?"

"Ranka shi daɗe, ba ni nan sa'ad da yay yanke."

"To ƙila kifi ne ya ci."

"Da wuƙa?"

"Kada ka koya mini aiki. In ƙiyayya ce, kawo ta mu gani."

Ana haka sai ga Hodi mahauci, aminin Tamba na shekara talatin. Labari ya ji, ya bar nama a kan teburi ya rugo. Kowa dai ya san wasan da ke tsakanin mahauta da masunta tun kakanni. Tun daga ƙofa ya ɗaga murya.

"Kai ɗan ƙarni, wa at taɓa ka? Ni ɗai ka cin mutuncinka garin ga!"

Yallaɓai ya zabura har hula ta faɗi. Littafin bita ya ce ko wanda aka yi wa bai ji zafi ba, in wani na kusa ya ji, magana ta zauna. Shi kuwa ya ji. Nan take aka zaro fom, aka tura Hodi bayan kanta.

Hankalin Tamba ya tashi. Ya ce, "Yallaɓai, wasa na! Ku sako min wanga mai warin kayan ciki, kahin ƙudajenai su cinye maku ofis!"

Aka zaro fom na biyu, aka tura Tamba ya bi Hodi.

Haka suka wuni a ɗaki ɗaya suna zagin juna cikin nishaɗi, kofur na rubutawa har biro ya ƙare. Da la'asar dattawa suka karɓo su, amma taru an riƙe shi, wai shaida ce. Yallaɓai ya sanar cewa ya murƙushe ƙiyayya biyu a yini ɗaya. Mai wuƙa kuwa yana can yana jan kifi a inda Tamba ya saba kamawa, gidan Tamba ana shan miya lami. Wannan kam ya ƙona mini rai.

Ni dai na ɗauki darasi. Jiya na haɗu da taubashina, na gaishe shi da ladabi, na wuce. Yau da safe ya aiko a tambaye ni, wai me ya yi mini na tsane shi haka.