Kabad ɗin Baba Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da garin katako, ni Rahamatu Tambari ta garin Gwandu, a madadin maigidana da 'ya'yanmu da dukkan tukwane da kwanukan gidan nan, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kabad ɗin kicin ɗina. Ya rasu ranar Asabar da hantsi a hannun mutanen da suka zo ɗaga shi, bayan doguwar jinya da ya yi bai gaya wa kowa ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An haifi marigayin a rumfar mahaifina, Malam Tambari kafinta, Allah ya jiƙansa, a shekarar aurena. Lokacin, iyaye Birnin Kebbi suke zuwa su sayo wa amare kanta mai madubi da zanen furanni. Baba ya ce yana raye 'yarsa ba za ta jera kwano a cikin aikin wani ba. Ya yi shi da katakon maɗaci, ƙofa biyu, durowa biyu, da hawa uku a sama. Ranar jere, duk da cewa jere aikin mata ne, shi ya turo shi da kansa a amalanke, ya shiga har kicin mata suna yi masa tsiya, ya jingina shi da bango. Ƙafa ɗaya ta ƙi zama saboda daɓen bai daidaita ba, sai ya tsinto tsingaro a tsakar gida ya cusa mata.

Da aka kai ni in yi wa Baba sallama, ya yi mini nasihar da kowane uba yake yi, haƙuri da biyayya. Sannan ya ƙara da tasa: "Rahamatu, kabad ɗin nan, kak ki bari a gusa shi daga inda na aje shi. In Allah ya so, shi ka kai ɗiyakki ɗakinta." Na riƙe maganar.

Baba bai daɗe ba bayan haka. Rumfarsa yau wurin cajin waya ce, zartonsa da gudumarsa an raba su gado, kujerun da ya yi wa mutane duk sun bi masu su. Abin da ya rage a duniya wanda hannun Baba ya taɓa, ni ma zan iya taɓawa, shi ne marigayin.

Ya kasance mai amana, mai rufin asiri. Ya riƙe daddawa da kuka da man shanun garin Dalijan bai taɓa haɗa warin wani da na wani ba. A shekarun da gero ya yi tsada, cikinsa ya sha zama fayau, amma da na rufe ƙofofinsa, baƙuwa ta shigo ta gan shi tsaye yana sheƙi, sai ta tafi tana cewa gidan Rahamatu akwai wadata. Bai taɓa ƙaryata ta ba. Aibinsa ɗaya, ba ya rufa wa ɓarawo asiri. Ƙofarsa ta hagu, inda nake ɓoye soyayyen nama, da an taɓa ta sai ta ce "ƙiiiiƙ", har zaure ana ji. Yarana maza sun ɗura mata man keke, sun ɗura mata man gyaɗa, ta shanye ta ci gaba da kai ƙara. Ita kuwa durowar cokula, "gurrr, ƙat" take cewa, da wannan maigida yake gane abinci ya kusa.

Game da rashin lafiyarsa, na san ana ta magana a unguwa, don haka gara ku ji daga bakina. Gaskiya ne, an yi shekaru ina ganin wani gari-gari a ƙarƙashinsa da safe, ina sharewa. Gaskiya ne kuma maigida ya sha tayar da zancen. Ya ce a canza masa baya da ƙofofi. Na ce in an canza baya da ƙofofi, me ya rage na Baba? Ya ce a sayo na alminiyam, wanda gara ba ta ci. Ya dawo daga Kalgo wata rana ya ce ya ga yadda ake yi a sababbin gidaje, a gina da siminti a manna tayil, a huta har abada. "Rahamatu," in ji shi, "wanga abu ya tsuhwa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba." Ni kuma in ce a bari damina ta wuce. Damina ta wuce, in ce a bari amfanin gona ya shigo. Ya shigo, in ce ai azumi ya matso, wa yake tayar da kicin da azumi?

Amma kada wani ya ce na yi sakaci da shi. Duk ƙaramar sallah, lokacin da mata ke gyaran ɗakuna, marigayin ne na farko da yake samun sabuwar riga. Ina sayen gwangwanin fenti, in bi duk ramin da na gani in toshe da sabulu, in shafe shi tas. Ya yi shuɗi, ya yi kore, ya yi ruwan ƙasa, ya sake komawa shuɗi. Wace 'ya ce za ta bar aikin ubanta ya shiga sallah da tsumma? Bayansa ne kawai ban taɓa gani ba, domin ganin bayansa sai an gusa shi, ni kuwa an ce mini kada a gusa. Bangon na ƙasa ne, randa tana gefe tana tsatsafa. Masu cewa laifina ne su je su ji da nasu kabad ɗin.

Sai ga shi an sa ranar Zahra'u, 'yata tilo a cikin maza, da Abdulrasheed, wani yaro mai hankali da ke aiki a Kalgo. Na tara gida na ce lokacin cika alkawari ya yi, kabad zai bi ta ɗakinta. Ta ce, "To, Inna," irin to ɗin da uwa take ganewa. Na san akwai hoton wani fari ƙal a wayarta da take nuna wa ƙawayenta, na yi kamar ban sani ba. Na yarda dai a sabunta shi, a sa masa mariƙai na zamani, a yi masa farin fentin da take so. Aka kira Lukuman, kafinta daga Kalgo, ya zo da yaransa da a-kori-kura.

Na kwashe kayan ciki kaf. Lukuman ya ƙwanƙwasa gefensa. Maimakon "ƙwan-ƙwan" ɗin da na sani tun ina amarya, sai marigayin ya ce "buf, buf". Lukuman ya dube ni ya ce, "Hajiya, a bar shi inda shike." Na ce ban kira shi daga Kalgo don ya ba ni shawara ba. Suka kama, suka ce bismillah, suka ɗaga.

Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "rugum".

Bayansa ya zauna manne da bango. Gabansa ya biyo hannunsu, ya murƙushe kamar ɓawon gyaɗa. Gara ta watsu fara fat a kan daɓe, ƙura ta tashi har muna tari. Lukuman ya ɗauki wani ɓallin ya murza, ya zama gari, sai fatar fenti hawa-hawa ta rage a yatsunsa, shuɗi kan ruwan ƙasa kan kore. Ya ce, "Wanga ya daɗe da mutuwa, Hajiya. Fenti ɗai ka riƙe da shi." Na tambaye shi ko akwai dabara. Ya ce, "Wallahi ko wanda ya yi shi ya dawo, sai dai shi yi wani." Bai san wane ne ya yi shi ba, don haka na yafe masa. Amma a nan na zauna kan turmi na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar da aka fita da Baba.

Marigayin ya rasu ya bar kwanuka da farantai da dama, waɗanda yanzu suke zaman maraici a kan tabarma. Ya bar tulin kyankyasai da ba su san inda za su nufa ba, da wani ɓera da suka daɗe suna zaman mutunci. Ya bar ƙofarsa ta hagu, wadda ita kaɗai ta fita da ranta. Na ɗauke ta na juya ta gaba da baya ko za ta ce "ƙiiiƙ" sau ɗaya, ta ƙi. Ya bar Zahra'u, wadda ta riƙe hannuna tana hawaye, na kuma san ni take tausayi, ba shi ba. Ya bar maigida, wanda har yau bai ce "ai na faɗa miki" ba, ya dai shigo a hankali ya auna bango ya fita. An ce na alminiyam guda biyu suna hanya, ɗaya nawa, ɗaya na amarya. An ce ƙofarsu ba ta ƙara ko kaɗan, wai a faɗa mini haka don in ji daɗi.

Za a yi jana'iza ranar kai amarya, da safe, a murhun tsakar gida. Na san ba ma ƙona mamaci, amma na tambaya an ce hukuncin bai shafi katako ba. Za a sa abin da ya rage na marigayin, har da ƙofar hagu, a ƙarƙashin tukunyar tuwon shinkafar da za ta bi amarya Kalgo. Lukuman ya ce ba zai yi garwashi ba, fuu ɗaya zai yi ya ƙare. Na ce ko tukunyar ya ɗumama ya isa. Baba ya ce shi zai kai 'yata ɗakinta, iyakar abin da zan iya cika masa ke nan.

Za a karɓi gaisuwa a gida bayan la'asar. Ina roƙon masu zuwa kada kowa ya ce mini Allah ya ba da wanda ya fi shi. Wadda kuma ta shiga kicin taya mu aiki, ta lura da tsintsiyarta: akwai wani ɗan tsingaro a kusurwa, jikin bango. Ba shara ba ne. Baba ne ya sa shi, kuma shi dai ba a gusa shi ba tukuna.